Sabuwa Fil a Kwali, Amma Ta Shekara Talatin

Kalmar "sabo" tana cikin kalmomin da suka fi cin kuɗin bayin Allah a kasuwar kayan gyaran mota. Ka shiga Katako a Yamai, ko ka ƙetara iyaka ka je Ƙofar Ruwa a Kano, duk ƙarfen da ka tambaya amsa uku za ka ji. Akwai ɗan Sin, akwai na hannu wanda aka kwance daga jikin matacciyar mota, sannan akwai wanda mai shago zai rage murya kafin ya faɗa maka: sabo fil, na asali, tun na da. Na ukun nan shi ke sa mai saye ya manta da ciniki ya soma laluben aljihu. To amma sabo iri biyu ne. Akwai sabon da aka ƙera bana, akwai kuma sabon da ba a taɓa mora ba. Idan motarka ta wannan zamani ce, biyun sukan haɗu a abu guda. Idan kuwa tsohuwar Fijo kake ja, wadda kamfaninta ya daina ƙerawa tun ƴaƴanka ba su zo duniya ba, to na biyun kaɗai za ka samu. Shi nake son mu tattauna a kai yau, musamman game da karbureta.

Tambayar ita ce, karburetar da ta shekara ashirin ko talatin a cikin kwalinta, ko ɗigon fetur bai taɓa shiga cikinta ba, a ɗaura ta haka nan, ko kuwa sai an buɗe ta tukuna? Ni dai na ce a buɗe ta. Amma buɗewa daban, yi mata garambawul gaba ɗaya daban, kuma a tsakanin biyun nan ne mutane ke asarar kuɗinsu, wani lokaci har da injinsu.

A Turai da Amurka wannan gardama ce ta masu sha'awa, mutanen da ke ajiye tsohuwar mota a lulluɓe, su fito da ita ranar Lahadi su zaga gari su mayar. Har suna na musamman suke da shi ga irin wannan kaya, wanda ma'anarsa sabon kaya daga tsohuwar ajiya, kuma suna biyan kuɗi mai tsoka a kansa. A wurinmu abin ba na sha'awa ba ne, na tuwo ne. Fijo 504 ta fito a Faransa a 1968, aka zaɓe ta motar shekara ta Turai a 1969. Masana'antar Kaduna, wadda ta soma aiki a 1975, ta ci gaba da harhaɗa ta har tsakiyar shekarun 2000, shekara ashirin da ƴan kai bayan Faransa ta daina yin ƙaramar a 1983. Yayarta 404 kuwa tun 1960 take. Yawansu ya ragu ƙwarai a kan titi, motocin Japan sun karɓe tasha, amma duk wanda ke bin hanyoyin ƙauye ranar kasuwa ya san har yau akwai mai buɗaɗɗen baya, wato bashe, da ke ɗauko buhunan gero da awaki da mutane a lokaci guda. Su kuwa Turawa sun yi sallama da karbureta a sababbin motocinsu tun farkon shekarun 1990, saboda dokokin hayaƙi. Ke nan ta asali, irin ta Solex ko Zenith da aka san 504 da su, abin da ya yi saura a kan kantoci ne kawai, kuma kullum raguwa yake.

Ni ba makanike ba ne. Amma hutun makarantata duk a garaji na yi shi, ina wanke noti a kananzir ina miƙa sifana, kuma abin da mutum ya gani yana yaro ba ya barin kansa. Don haka bari in ɗan bayyana aikin wannan na'ura, don wanda bai taɓa leƙa cikinta ba ya gane dalilin gardamar.

Inji ba ya shan fetur tsagwaronsa, sai an gauraya shi da iska, kuma gaurayawar tana da ma'auni: kilo 14.7 na iska ga kowane kilo 1 na fetur. Idan aka mayar da lissafin zuwa lita, kowace lita guda ta fetur tana bukatar iska wajen lita 9,000. Karbureta ita ce mai wannan awo, kuma ba da lantarki ko kwamfuta take yinsa ba. A cikinta akwai maƙogwaro mai ƙunci a tsakiya. Iskar da inji ke zuƙa idan ta zo wurin ƙuncin sai ta ƙara gudu, matsinta ya ragu, sai ta tsotso fetur daga wani ɗan kwano da ke gefe. Wani masanin Italiya mai suna Venturi ne ya bayyana wannan hali na iska da ruwa a ƙarshen ƙarni na 18, shi ya sa maƙogwaron ke ɗauke da sunansa. Fetur ɗin yana bi ta wasu ƴan ramuka na tagulla da makanikanmu ke kira jiklar, kuma lambar da ke jikinsu faɗin ramin ce: a wurin Solex da Weber, 120 na nufin milimita 1.2, 50 kuma rabin milimita. Shi ɗan kwanon dole fetur ya tsaya a cikinsa a tsayi guda, kada ya ƙaru kada ya ragu. Mai kula da wannan shi ne fulotar, wani abu mara nauyi da ke yawo a kan man, yana tura wata ƴar allura, puwanto, ta toshe ƙofa idan kwano ya cika, kamar dai ƙwallon nan da ke tsayar da ruwa a tankin banɗaki. Sai kuma ɗan famfo mai fatar roba, mambaran, wanda ke tsarto ƙarin mai duk lokacin da direba ya taka totur da sauri. Abin da ya rage shi ne ɗan faifan da ke buɗe wa iska hanya, da sandar da yake juyawa a kai, da takardun juwan da ke hana yoyo tsakanin murfi da gangar jiki.

Ka ga ke nan na'ura guda ce amma jiki biyu gare ta. Akwai ƙarfe, akwai kuma abubuwa masu taushi. Shekaru ba iri ɗaya suke yi musu ba.

Abin da ya sa na zauna na yi tunani a kan wannan shi ne motar kawuna. Bashe ce 504, da ita yake jigilar kaya tsakanin Maraɗi da kasuwannin kewaye, irin su Tibiri da Madarunfa da Gidan Runji, kuma gida biyu ke ci daga gare ta, nasa da na ƙaninsa da ya rasu. Karburetarta ta gaji. Sandar faifan ta cinye raminta har tana kaɗawa idan ka taɓa da yatsa, iska na shiga ta inda ba a gayyace ta ba, don haka ralanti, wato silo, ya ƙi tsayawa wuri ɗaya. Yau ta mutu a mararraba, gobe ta yi ta ruri kamar za ta tashi sama. Wannan ciwo ne da wanki ba ya magancewa. Ana cikin haka wani dattijo mai shagon kayan mota ya rasu, magadansa suka buɗe wani ɗakin ajiya da ya daɗe a rufe, aka tarar da kwalaye biyu na Solex a can bisa kanta, ƙarƙashin rufin kwano. Kwalin ya koma ruwan ƙasa, amma abin da ke ciki yana ƙyalli, a naɗe cikin takarda mai maiƙo. Na haɗa kuɗi da kawu muka sayi duka biyun, domin irin wannan dama ba ta zuwa sau biyu.

Daga nan gardama ta tashi. Kawu ya ce ba wanda zai sa mata sukudireba. Ya ce da ni, "Ɗana, abin da Bature ya ɗaure da hannunsa a masana'anta, wa zai kwance shi a gindin bedi ya mayar daidai? Ai da tsohuwar zuma ake magani. A ɗaura ta yadda Allah ya kawo ta." Shi kuma saurayin makaniken da ke duba motar ya ce, "Alhaji, abin da ya shekara talatin ai ya mutu. A sayo ledar kayan gyara, in zubar da duk abin da ke cikinta in zuba sabo." Kowannensu yana da rabin gaskiya, kuma kowane rabi idan aka bi shi shi kaɗai ɓarna zai haifar.

Mu fara da inda kawu ya yi kuskure. Zuma ba ta lalacewa, amma roba tana lalacewa ko ba a taɓa ta ba. Robar da aka fi yin mambaran da ita, wadda ake kira nitiril, tana ci gaba da sauyawa a hankali tun daga ranar da aka ƙera ta. Iska na cinta, sinadaran da ke sa ta laushi suna fita, sai ta taurare ta soma tsagewa. Akwai ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta ajiyar kayan roba, ISO 2230, wadda ta ba irin wannan roba shekara 7 a ajiye, da ƙarin 3 idan an duba an ga tana nan lafiya. Wannan ma da sharaɗin ɗakin bai wuce digiri 25 na zafi ba, kuma ƙa'idar ta ce ƙarin digiri 10 yana rage wa'adin da kusan rabi. To, jama'a, ku auna da ɗakin ajiya mai rufin kwano a Maraɗi ko Tawa a watan Afrilu, lokacin da inuwa ma kan haura digiri 40. Robar da ta yi bazara talatin a irin wannan wuri ba sai an yi mata duba ba. Haka takardun juwan, da waɗanda ake yi da ɓawon itacen nan na toshe kwalba: bushewa suke su tsuke, sukurorin da suka matse su a masana'anta su zama sakwa-sakwa ba tare da kowa ya taɓa su ba. Man kariyar da aka shafa don hana tsatsa shi ma yakan bushe ya zama kamar ƙaro, ya manne allura a ƙofarta ko ya toshe ramin da bai fi rabin milimita ba. Kuma kalmar "ba ta taɓa ganin mai ba" ba kullum take cika gaskiya ba, domin wasu kamfanoni suna gwada karbureta da ruwan gwaji kafin su sa ta a kwali, abin da ya saura a lungunanta ya bushe a can.

Akwai kuma maƙiyin da littattafan Turawa ba su cika ambata ba, wato zanzaro. Duk ramin da ya kai girman fensir, in dai a inuwa yake kuma ba mai motsa shi, to zanzaro ya samu gida. Kwali mai ƴar ɓula ya ishe shi.

Me zai faru idan aka ɗaura ta haka? Idan an yi sa'a, ƙaramar matsala ce: ka taka totur mota ta yi tari ta shaƙe, saboda famfon ba ya tsarto komai. Idan allura ta manne a rufe, kwano ba zai cika ba, mota ba za ta tashi ba, a yi ta zargin batir da buji. Wanda ake tsoro shi ne ta maƙale a buɗe, ko mambaran ya tsage. A nan fetur zai cika kwano ya tumbatsa, ko ya tsiyaye ta inda mambaran ya tsage. Wani ya gangara cikin inji, ya wanke man da ke jikin silinda, ya sauka ya tsinka baƙin mai, ringi su soma cin ƙarfe a bushe. Wani kuma ya zubo waje a kan inji mai zafi, kusa da delko da wayoyin buji masu tartsatsi. A wasu motocin, irin tsohuwar Land Rover mai fetur da Land Cruiser mai injin 2F, bututun shigar iska da na fitar hayaƙi gefe ɗaya suke, karbureta tana zaune ne daidai bisa ƙarfen da ya fi kowane zafi. Duk wanda ya taɓa ganin mota na ci da wuta a bakin hanya, fasinjoji na watsa mata ƙasa da hannu, ya san minti nawa abin ke ɗauka. Motar da gida biyu ke ci daga gare ta ba abin yin caca da ita ba ce a kan fatar roba da ba ta kai tafin hannun jariri ba.

Amma fa tsoron kawu ba na banza ba ne, kuma a nan nake son in daɗe, domin masu cewa "a gyara kawai" ba su cika faɗin wannan ɓangaren ba. Mun sha ganin gyaran gangar Abzinawa. Abin da ya sa tsohuwar karbureta ta asali ta fi ta kwaikwayo daraja shi ne ƙarfenta: sandar da ba ta ci raminta ba, fuskar da take a miƙe ba ta lanƙwashe ba, zaren sukurorin da ba a taɓa murɗewa ba, da jiklar ɗin da aka huda daidai da lambar da ke jikinsu. Duk waɗannan shekaru ba su cika taɓa su ba, hannun mutum ne ke kashe su. Gangar jikin yawancin irin waɗannan karbureta ba baƙin ƙarfe ba ce, wani haɗi ne na tutiya da alminiyam da ake kira zamak, mai taushi ne, ba ya son ƙarfi. Ka matse sukurun murfi fiye da kima, zare ya tafi. Ka ɗaure notin gindi kamar kana ɗaure taya, fuskar ta lanƙwashe, iska ta samu hanya har abada. Sukurun daidaita silo bakinsa siriri ne kamar allura, idan aka murɗa shi har ya ƙure da ƙarfi sai ya yi gaba ya ɓata mazauninsa. Mafi muni shi ne ɗabi'ar nan ta zura waya a cikin jiklar. Za ka ga yaro ya zare silin waya daga kebur ɗin birkin keke yana soka wa a ramin tagulla, shi a ganinsa tsabta yake yi. Tagulla ta fi wayar taushi. Ramin 50 ya koma 55 ko 60, ido ba zai gani ba, amma aljihu zai gani a gidan mai har ranar da motar za ta mutu.

Ita ma ledar kayan gyaran da saurayin ke son a sayo tana da nata aibin. Ta farko, jiklar da allurar da ke cikin irin na araha sau da yawa ba su kai na asali daidaito ba. Ka cire tagullar Solex da ba ta da laifin komai, ka sa wadda lambarta kawai ta yi kama, ka ga an yi garin neman gira an rasa ido. Ta biyu, wadda mutane ke mantawa: idan ledar ita ma "ta asali ce tun ta da", to sa'ar karburetar ce, robar da ke cikinta ta sha zafin bazara iri ɗaya. A wannan wuri kaɗai sabon bana ya fi tsohon asali. Roba ana son ta ƙuruciya, tagulla ana son ta dattijuwa.

Abin da muka yi a ƙarshe shi ne muka ɗauki kwali ɗaya muka kai wa wani tsohon makanike da ya daina shiga ƙarƙashin mota saboda ciwon baya, amma hannunsa bai manta ba. Tun zamanin da 404 ke tasi ya koyi aiki. Na ce masa, "Baba, so muke a duba ta, ba a sake ta ba." Ya ce, "Ai ka gama magana." Ya sa aka share tebur aka shimfiɗa farin ƙyalle, ya hana a yi aikin a ƙasa. Kafin ya taɓa sukurun silo sai da ya murɗa shi ciki a hankali yana ƙirga zagaye, ya sa na rubuta, don a mayar da shi inda masana'anta ta bar shi. Kawu na tsaye a kansa kamar mai gadin amarya.

Da aka ɗaga murfi, takardar juwan ta karye gida uku kamar busasshen ganye. Mambaran ya taurare, ka lanƙwasa shi ka ji yana ƙara kamar ganda. Allura ta manne, sai da aka jiƙa ta kafin ta saki. A bakin bututun da fetur ke shiga kuwa, ga ginin zanzaro nan daram, har da ƙwarin da ya tara wa ƴaƴansa. Da an ɗaura ta yadda take, wannan laka ce za ta fara isa kwano. Kawu bai ce komai ba, ya dai gyara tsayuwa. Amma sauran kayan, tubarkalla. Sandar faifai ba ta motsi ko kaɗan. Jiklar suna walƙiya. Baba ya ɗora gindinta a kan gilashi ya duba ko haske na wucewa ta ƙarƙashi, babu. Ya duba jikin zamak ɗin ko ya yi ƙuraje ko tsaga, domin wanda aka haɗa da gurɓatacciyar tutiya mai dalma a ciki yakan kumbura ya ruɓe da kansa, kuma wannan ba shi da magani. Namu lafiya lau. Fulotar ya girgiza shi a kunne ya ji ko akwai abu a ciki, sannan ya nutsa shi a ruwan zafi yana kallo, domin idan akwai ɓula iskar ciki za ta faɗaɗa ta fito da kumfa. Bai yi ba. Ramukan duka da fetur mai tsabta aka wanke su, aka hure da iskar injin mai faci, ba waya ba tsinke. Daga sabuwar ledar da muka sayo abu kaɗan ya ɗauka: mambaran, da takardun juwan, da ƴan zobban roba. Tagullar da ke ciki ya mayar mini ya ce in ajiye ko in ba yara su yi wasa. Ya hana a shafa gam ko silikon a kan juwan, saboda fetur na narkar da shi ya tura guntayensa cikin ramuka. Duka aikin bai kai tsakanin azahar da la'asar ba.

Akwai wani abu da ya duba tun kafin ya kwance komai, wanda ya kamata mai saye ya duba tun a shago. A jikin karbureta akan maƙala ɗan guntun ƙarfe mai lamba, ko a buga lambar a gangar jiki. Gangar jiki iri ɗaya ana iya sayar da ita ga injuna daban-daban, bambancin yana cikin jiklar. Ita kanta 504 ba inji ɗaya gare ta ba, akwai mai 1796 akwai mai 1971, kuma abin da ya ƙosar da ƙaramin ba zai ƙosar da babban ba. Idan man ya yi yawa, baƙin hayaƙi da buji masu kunkunniya. Idan ya yi kaɗan, inji ya yi ta zafi har ya ƙona bawul, kuma wannan ya fi haɗari domin direba murna zai yi ta yi wai motarsa ba ta shan mai. Baba ya kwance jiklar ɗin tsohuwar karburetar ya jera su kusa da na sabuwar ya gwada lambobi, ya ga sun dace, sannan ya ce a ci gaba.

Ko bayan an yi duk wannan, saura abin da ke bayanta. Karbureta ƙarshen hanya ce, duk abin da tanki ya aiko shi za ta haɗiya. Tankin da ya shekara arba'in yana da tsatsa a gindinsa, tiyon roba ya tsufa yana zubar da ɓarɓashi daga ciki, kuma mu da muke sayen mai a kwalba wurin ƴan ruwa-ruwa, a tace shi da ƙyalle a bakin hanya cikin ƙurar hunturu, mun san ba fetur kaɗai ke shiga ba. Sau nawa aka ɗaura sabuwar karbureta ta toshe cikin mako guda, aka koma ana zagin mai shago? Mun sa an sauke tanki an wanke, an sauya tiyo, an sa sabuwar matatar mai ta ƴan kuɗi kaɗan kafin famfo. Sai maganar famfon kansa. Na asali, wanda inji ke motsawa, matsinsa kaɗan ne, bai kai sulusin bar ɗaya ba. Yanzu an shiga yayin sa famfon lantarki, kuma wasu sukan ɗauko na motocin zamani masu allurar feshi, wanda ke tura mai da matsin da ya kai bar 3. Ƴar allurar karbureta ba za ta iya tsayar da wannan ba ko da yau aka ƙera ta. Mai zai tumbatsa, a ce tsufa ne.

Ranar da aka ɗaura, Baba bai bari an tayar da inji nan take ba. Ya sa aka cika kwano tukuna, aka tsaya ana kallon kowace gaɓa ko za ta yi gumi, murfin inji a buɗe, bokitin yashi a gefe, motar kuma a fili nesa da rumfa. Da ta tashi ya bar ta ta yi zafi, ya daidaita silo da kunne, ya kashe, ya sake bin sukurorin murfi da ɗan matsi kaɗan saboda sabuwar takarda takan kwanta. Ya ce a dawo bayan mako guda a sake dubawa. Kawu ya ja motarsa ya tafi ɗaukar kaya, yana cewa dama shi ya san kayan da ba su da na biyu.

Kwali na biyu kuwa ba mu taɓa robarsa ba. Saurayin makaniken ya so a gyara ta ita ma a ajiye a shirye, Baba ya ce a'a, duk robar da aka sa mata yau tsufa za ta soma daga yau, kuma ba wanda ya san ko shekara biyu za ta jira ko goma. Abin da aka yi kawai shi ne an kakkaɓe gidan zanzaro, an ɗiga mai kaɗan a sandar faifai, an toshe kowace ƙofa da tsumma mai tsabta, an naɗe ta a leda biyu. A jikin kwalin na rubuta da babban baƙi cewa ba a sauya mambaran da juwan ba, don kada wani ya ɗauka a shirye take. Tana nan a ɗakin ƙasa na gidan kawu, ƙarƙashin gado, kusa da randa, inda ya fi ko'ina sanyi a gidan.